Wayar da kai ko damawa da jama'a? Ku taya ni neman kalma

Jama'a, ku kawo ɗauki. An ba ni takardar Turanci in mayar Hausa don wani taro a nan Sakkwato kan binciken rigakafin cuta mai karya garkuwar jiki, sai na cije a kan community and stakeholder engagement. Kalmar ƙarshen nan ce ta hana ni barci.

Wanda ya ba ni aikin cewa ya yi in sa "wayar da kan al'umma" in wuce. Na ƙi. A wayar da kai, kai ne mai fitila, su ke cikin duhu: ka zo da lasifika da fosta, ka yi bayani, a raba lemo, a watse. Ita kuwa takardar cewa take, tun kafin a ɗebi jinin kowa a zauna da mutane, su faɗi inda za a kafa wurin gwaji don kada maƙwabta su riƙa ƙirga masu shiga, su duba takardar amincewa ko Hausarta na fahimtuwa, kuma in sun ce a'a a saurara.

Ba haka kawai aka ƙirƙiro wannan tsari ba. A 2004 aka tsayar da gwajin ƙwayar tenofovir, wadda ake son a ga ko za ta hana kamuwa da cutar, kan mata masu zaman kansu a Kambodiya, a 2005 na Kamaru ya bi baya. Cikin abin da mata masu zaman kansu da masu kare su suka tambaya har da: in mace ta kamu ana tsakiyar gwaji, wa zai ɗauki nauyin maganinta? Bayan wannan rikici ne UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, da AVAC, wata ƙungiya mai fafutukar rigakafinta, suka fitar da ƙa'idojin tafiya da jama'a a irin wannan bincike a 2007, aka sabunta a 2011. Mu a Arewa ba sai an ba mu labari ba. Gwajin maganin Trovan kan yara 200 lokacin sanƙarau a Kano a 1996 na cikin abin da aka riƙa ambato da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Na ga amsoshinku, ga kalmomin da kuka kawo. "Tuntuɓa" ta yi kaɗan, ana tuntuɓarka a yi gaban kai. "Jawo jama'a a jiki" akwai daɗin ji, amma da ƙanshin lallashi. "Shigar da al'umma" kuwa Turanci ne sanye da babbar riga.

Ɗazu ina tsakar gida Inna na fasa curin fura cikin ƙwarya da ludayi, na karanta mata zaɓin duka. Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai ɗan nan, mi ka wahal da kai? Ba cewa sunka yi a dama da mutane ba?"

Damawa da jama'a. Wanda aka dama da shi ya ga yawan nonon da aka zuba, ya san ko an ƙara ruwa.

Wani malami ya yi mini gyara a ƙasa, kuma yana da gaskiya: 'yan siyasa sun ɓata kalmar, "a dama da mu" yanzu rabon muƙami ake nufi. Na ji, Malam. A takardar zan rubuta "damawa da jama'a tun daga farkon bincike har bayyana sakamako", doguwar jelar za ta kore zancen kaso.

Saura stakeholder, wato "masu ruwa da tsaki". Na bar ta yadda take, kowa ya saba da ita, amma da ka faɗa a Sakkwato hakimi da liman da kwamishina ake hangowa a layin gaba. Matar da ke karɓar maganinta a ɓoye duk wata, da direban tirela mai kwana a Illela, ba wanda zai tura musu katin gayyata. Don haka na ƙara "da waɗanda abin ya shafa kai tsaye". Gobe da safe zan miƙa, mai gyara ya yi magana kafin isha'i.