Ina iyakar malami wajen taɓa jikin ɗalibi?

Hedimasta, Ringim: Assalamu alaikum malamai. Sababbin malamai na yawan tambayar nan, kowa ya kawo abin da aiki ya koya masa. Nawa dai: ba a kaɗaita da ɗalibi, mace ko namiji. Ƙofar ofis a buɗe, a kuma daina aiken 'yan mata ɗebo ruwa ko shara a gidan malami, don ta nan ɓarna da zargi suka fi shigowa. Goyo a babur ma sai da sanin iyaye.

Malamar aji ɗaya, Gezawa: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Ɗan aji ɗaya sai an kama masa hannu ya iya riƙe fensir. Ka tsaya a gefensa, ba ta baya ka rufe shi da jikinka ba, hannu kan hannu kawai. Daga aji huɗu a nuna a allo ya kwaikwaya.

Malamin lafiya, Gumel: Wurin da ake rikicewa shi ne yarinya ta suma a asambuli. Malama ce za ta kama ta. In babu malama, kuma makarantun ƙauye da yawa haka suke, a kira manyan ɗalibai mata biyu, kai ka tsaya kana faɗa musu: a kai ta inuwa, a kwantar da ita a gefenta, a sassauta hijabi a wuya, kada a ɗura mata ruwa tana sume, zai sarƙe ta. Amma in jini ke zuba ko numfashi ya tsaya, ceton rai ke gaba, a gaban shaida, sannan a rubuta abin da ya faru a ranar. Raba faɗa kuwa, a dantse ake riƙewa, ban da wuya. Binciken sata, yaro ya zazzage aljihunsa da kansa.

Mamba a kwamitin kula da makaranta na al'umma (SBMC), Bichi: Malam, in ƙara. Idan yaro ya ce wani ya taɓa shi ta hanyar lalata, kada a duba jikinsa a makaranta, kada a wanke tufafin, kada a kai maganar sulhu zauren mai unguwa, wannan yana ci mini rai. A sanar da iyaye, a je asibiti kafin awa 72, lokacin da maganin kariya daga HIV ke aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, wadda aka buɗe a asibitin Murtala. Jigawa ta sa hannu kan dokar kare yara a 2021, Kano a 2023, don haka magana ce ta hukuma.