Abin da muka tsinta a zaman iyayen yara masu otizim a Yamai

Ranar 2 ga Afrilu, ranar otizim ta duniya (otizim wani yanayi ne na ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda yaro yake magana da hulɗa da mutane), mun zauna gidan wata hajiya a Yantala, tambayar guda ce, yaro ya kai shekara 18 ya bar lakkol, to sai mi?

Maganar kuɗi ta fi ɗaukar lokaci. Wata uwa ta ce ɗanta ya iya karanta 500 a jikin kuɗi amma mai butiki ya ce mishi "ɗari" sai ya rikice, saboda mu da dala muke lissafi, sefa 5 ke dala guda. Shawara ita ce a koya mishi duka biyun a gida da kuɗin gaskiya, sannan a riƙa aikenshi butiki guda kullum wurin wanda ya san halinshi, kar a jefa shi kasuwar Katako rana ɗaya, hayaniyar nan ko mu tana gajiyar da mu.

Wanka, wanki, dafa shayi, a raba su mataki mataki da hoto a bango, lokaci ɗaya kullum.

Sana'a kuma a bi abin da yake so, ɗinki ko gyaran salula ko kiwon kaji, a fara da awa 1 wurin maigida mai haƙuri.

Abin da ya taɓa ni, wani baba ya ce shekaru yana ɓoye ɗiyarshi don mutane na cewa aljanu ne. Wallahi ba aljanu ba ne kuma ba a ɗauka. Yanzu tana zuwa biki da suna, in ƙarar ta yi yawa ƙanwarta ta raka ta waje ta huta sannan su komo.