Yawan ambato a Google Scholar ne ma'aunin babban likitan zuciya ko kuwa?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga manyanmu, musamman likitoci da malaman jami'a. Ni ƙaramin likita ne a ɓangaren cututtukan manya, na tsallake matakin farko na jarabawar ƙwararru, yanzu kundin mataki na biyu ne a gabana kuma ɓangaren zuciya nake son bi, to an zo maganar wanda zai duba min aikin. Malamai biyu ne a raina, ba zan faɗi suna ba don duk iyayen gidana ne. Na shiga Google Scholar, shafin nan da ke ƙirga sau nawa wasu masu bincike suka ambaci takardun mutum, na duba su, ɗaya wallahi ambaton da aka yi wa takardunsa dubbai ne masu yawa, h-index ɗinsa ma a sama, ɗayan kuma ko rabin wancan bai kai ba amma duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa yabonsa yake. Abokina yana ta zuga ni wai in bi mai lambar nan babba don sunansa kaɗai a kan takarda ya isa a karɓe ta a waje. Shin lambar nan me take nunawa ne takamaimai, kuma za a iya dogara da ita wajen zaɓe? Na gode.

Malamin Tarauni:

Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da h-index ɗin tunda shi ya fi rikita mutane. Wani masanin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005, kuma lissafin ba wuya: in an ce mutum h-index ɗinsa 20 ne, yana da takardu 20 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 20. Shi kenan. Ba ya gaya maka ko shi ya kawo tunanin, ko shi ya zauna da marasa lafiya ya cike fom, ko sunansa na 300 ne a jerin marubuta.

Kuma nan ne ɓangaren zuciya yake da tasa matsalar. Akwai manyan takardun nan na Global Burden of Disease, masu ƙididdige cututtuka a faɗin duniya, da ake fitarwa a mujallar Lancet da makamantanta, marubuta ɗaruruwa a takarda ɗaya, kuma kusan duk wanda zai rubuta wani abu a kan hawan jini ko shanyewar ɓarin jiki daga can yake ɗauko alƙaluman gabatarwarsa, to kowane ambato ɗaya yana shiga asusun kowa da kowa a cikin jerin nan cif, ba a raba shi. Mutum ya shiga irin waɗannan guda biyar ko shida sai ka ga lambarsa ta tashi sama. Ban ce ba su yi komai ba fa, wasu sun ba da bayanai na gaske daga ƙasashensu, amma ba daidai yake da wanda ya tsara bincike tun daga tushe ba. Haka ma takardun ƙa'idojin magani da ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai take fitarwa, ana ambatonsu sosai don kowa na buƙatar kafa hujja da su.

Abin da zan ce ka yi, ka buɗe shafin kowannensu ka danna takardu goma na sama ɗaya bayan ɗaya ka ga ina sunan yake. A takardun likitanci mai suna na farko shi ya yi wahalar, na ƙarshe yawanci shi ne jagoran aikin. In ka ga sunan malami a ƙarshe, na farkon kuma ƙananan likitoci ne suna canzawa shekara bayan shekara, wannan mutumin yana yaye ɗalibai kuma yana barinsu su ci guminsu. Sannan ka duba shi a Scopus da PubMed, rumbunan takardun bincike da ke tantance mujallu, don Google Scholar komai yake kwasa, har kundin digiri da takardun taro da mujallun da ba a san asalinsu ba, shi ya sa lambarsa kusan kullum ta fi ta Scopus.

Ummu Hanif:

Malam ya gama magana amma ni akwai inda zan ƙara, a matsayina na wadda ta yi shekaru a ɗakin masu haihuwa. Dakta ka duba kuma a kan ME mutum yake rubutu. Mu nan abin da yake kwantar mana da mata shi ne ciwon zuciyar masu jego, mace ta haihu lafiya bayan 'yan makonni ƙafa ta kumbura numfashi ya gagara ba ta iya kwanciya sai a jingine da filo uku, dangi suna cewa jego ne bai karɓe ta ba. Tun shekarun 1970 su Davidson da Parry suka rubuta a kansa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon da ake hura wa wuta a ƙasa, kuma aka daɗe ana maimaita wannan a littattafai. Sai ga rajistar PEACE da Farfesa Kamilu Karaye na nan Kano ya jagoranta, aka tattara mata daga asibitoci da dama a Najeriya, aka buga a mujallar ESC Heart Failure a 2020, aka ga arewa maso yamma ce ta fi yawan masu ciwon, a wasu wuraren kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, kuma abubuwan da suka fi fitowa fili su ne rama da rashin karatu da rashin abin yi da hawan jinin masu ciki, maganar kanwa da wankan ba ta tsaya da ƙafarta kamar yadda aka zata ba. Shi Farfesa Karaye ɗin dai ya yi aiki a kan ƙarancin sinadarin selenium a jinin irin waɗannan matan.

To yanzu ka gaya min, takarda irin wannan yaushe za ta kamo ambaton takardar da aka yi a kan toshewar jijiyoyin zuciya a Turai? Masu rubutu a kan ciwon masu jego a duniya ba su da yawa, masu rubutu a kan wancan kuwa dubbai ne, kowa yana ambaton kowa. Amma wace ce ta shafi matar da aka kawo daga Gezawa a bayan a-daidaita-sahu? Ni dai lambar nan in na gan ta ina fara tambayar kasuwar wa ake ci.

Abban Sultan:

Anti Ummu Hanif ki yi haƙuri, zan ɗan saɓa miki ke da Malam, don kar yaron nan ya tashi da tunanin cewa duk mai lamba babba ɗan rakiya ne. Ba haka ba ne. Manyan binciken haɗin gwiwar nan su suka sa duniya ta san halin da zuciyar ɗan Afirka take ciki. Binciken THESUS-HF da ya fito a 2012, marasa lafiya 1,006 daga ƙasashe 9, shi ya nuna a fili cewa gazawar zuciya a wajenmu hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta kuma tana kama mutane suna da sauran ƙarfinsu, ba tsofaffi tukuf kamar na Turai ba. Ga binciken REMEDY a 2015, da ya duba mutum 3,343 masu ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta. Ga CREOLE a 2019 wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, mutum 728 a ƙasashe 6, aka buga a New England Journal of Medicine, ya nuna haɗin magani da yake da amlodipine a ciki ya fi sauke hawan jinin baƙar fata a kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide, kuma wannan abu ne da kai da kanka kake amfani da shi a kilinik ranar hawan jini ko ka sani ko ba ka sani ba. Likitocin Kano suna cikin waɗannan ayyukan, kuma wanda ya taɓa bin mara lafiya wata shida yana kiran waya layi a kashe, yana aika yaro unguwa a nemo shi don a sake gwada jini, ya san sunan da ke tsakiyar jerin nan ba kyauta aka ba shi ba.

Sannan a faɗi gaskiya, in za ka nemi tallafin bincike daga waje ko gurbin horo, masu tantancewa suna duba lambar nan, ko da jami'o'i da yawa sun sa hannu a sanarwar DORA ta 2012 cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki. Malamin da ke cikin irin wannan haɗakar zai iya tura sunanka da imel ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yake farawa.

Inda na yarda da su shi ne ambato ba shaidar gaskiya ba ne. Piero Anversa, wani mai binciken zuciya a Harvard, an yi shekaru ana ambaton aikinsa na cewa akwai ƙwayoyin halitta da ke sabunta naman zuciya, dakunan bincike da yawa suka bi bayansa aka kashe maƙudan kuɗi, a 2018 Harvard ɗin da kanta ta nemi a janye takardu 31 daga ɗakin bincikensa saboda bayanan ƙarya. Kuma ko an janye takarda ambaton da ta tara yana nan zaune a shafin mutum.

Ɗan Gwale:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na bi shawararka yanzun nan na duba, mai lambar babba takardunsa na sama kusan duk irin na haɗakar nan ne sunansa a tsakiya, amma can ƙasa akwai nasa na kansa masu kyau a Cardiovascular Journal of Africa. Ɗayan kuma kusan duk sunansa a ƙarshe yake, yara ne a gaba. Ranka ya daɗe Abban Sultan maganar imel ɗin nan ta tsaya min a rai gaskiya. Shin an yarda mutum ya sa su biyun duka?

Malamin Tarauni:

An yarda mana, ai dama yawanci masu dubawa biyu ake sawa, sai dai ka fara tuntuɓar shugaban sashe ka kuma tabbata su biyun suna jituwa kafin ka kai sunansu, kar ka shiga tsakani. Kuma kafin ka yanke, ka samu waɗanda suka gama a hannun kowannensu ka tambaye su abu biyu a keɓe: in an kai masa babi kwana nawa yake yi kafin ya dawo da gyara, kuma da aka buga aikin sunan wa aka sa a farko. Ni lokacin nawa kundin sai da babi na biyu ya shafe watanni a ofis ɗin wani babba ba a ko buɗe ambulan ɗin ba, ga shi kullum yana jirgi zuwa taro.

Sai maganar mujallu, tunda da ka buga takarda ɗaya saƙonni za su fara cika maka imel, ana yabonka ana cewa turo aiki a buga cikin mako guda ka biya dala kaza. Kar ka kula su. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya taɓa ajiye jerin sunayen irinsu har ya sauke shi a farkon 2017, yanzu sai dai ka duba da kanka ko mujallar tana PubMed ko Scopus ko DOAJ mai jera mujallun da ake karantawa kyauta, ta gida kuma ka leƙa AJOL, shafin mujallun Afirka. Wane maudu'i ma kake son yi? In na masu jego ne ka fara tambayar wa zai ba ka lokaci a injin eko na ɗaukar hoton zuciya, don a nan yawancin kundin zuciya yake maƙalewa.