Za a iya kai mutum wani tauraro, ko dai sai na'ura kawai?

Ɗan Aji Uku:
Assalamu alaikum malamai. Tauraron da ya fi kusa da mu bayan rana shi ne Proxima Centauri, haskensa kan yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso mu. Tunda an taka duniyar wata tun 1969, me ya hana a ƙera ƙatuwar roka a cika ta da mai a tura mutane can? Kuɗi ne babu ko ilimi? Kuma wace hanya ce ta fi kusa da yiwuwa?

Injiniya:
Wa alaikumus salam, ƙanina. Fara riƙe nisan tukuna: kilomita kusan tiriliyan 40. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana cin kilomita 17 a daƙiƙa guda, amma da can ya nufa, sai ya haura shekara 70,000 a hanya.

Ƙara mai ba ya warware wannan, don shi ma man nauyi ne, sai an ƙona wani man kafin a ɗauke shi, kamar ayarin da raƙumansa ke ɗauke da abincinsu. Tsiolkovsky, masanin roka na Rasha, ya fitar da lissafin tun 1903. Roka mai ƙona haidirojin da oksijin tana feso hayaƙinta da gudun kilomita 4.5 a daƙiƙa. In kana son kashi 10 cikin 100 na saurin haske, wato kilomita 30,000 a daƙiƙa, man da lissafin zai nema ya fi nauyin duk abin da ido da na'ura ke iya hangowa a sararin samaniya. Wannan ƙofar a rufe take.

Sai nukiliya. Tsakanin 1973 da 1978 masana a Ingila suka zana kumbon Daedalus: nauyinsa tan 54,000, tan 50,000 daga ciki mai ne, ditiriyam (haidirojin mai nauyi) da hiliyam-3 (wani nau'in iskar hiliyam), da za a riƙa haɗe ƙwayoyin zarrarsu suna fashewa a bayan kumbon. Zai kai kashi 12 cikin 100 na saurin haske, ya isa tauraron Barnard cikin shekara 50. Sai dai hiliyam-3 ba a samunsa da yawa a doron ƙasa, shirinsu a ɗebo shi daga iskar Jupita. Injin ma har yau babu shi. A Disambar 2022 ne wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta fara samun makamashi ta irin wannan haɗe ƙwayoyin zarra da ya fi wanda lezarta (na'urar haske mai tsananin ƙarfi) ta zuba, megajul (ma'aunin makamashi) 3.15 daga 2.05, alhali wutar da na'urorin suka sha ta kai wajen megajul 300. Kuma ka lura, Daedalus ba ya ɗaukar mutum, ba ya tsayawa, wucewa kawai zai yi.

Malamar Fizik:
Injiniya ya yi bayani, amma ni a ganina hanyar da ta fi kusa ita ce a bar man a gida gaba ɗaya. Haske yana tura abin da ya faɗa a kai, Japan ta gwada haka da kumbon IKAROS a 2010. A kan wannan aka gina shirin Breakthrough Starshot na 2016: na'ura mai nauyin giram kaɗan, a maƙala mata siririn mayafi mai sheƙi faɗin mita 4, a haska shi da leza mai ƙarfin gigawat 100 daga ƙasa na 'yan mintoci, ta kai kashi 20 cikin 100 na saurin haske. Shekara 20 ta isa, a jira hotonta wasu shekara 4.

Inda abin ke lalacewa: in mayafin ya sha ko ɗan ƙanƙanin kaso na hasken maimakon ya mayar da shi, narkewa zai yi nan take. Sannan ƙura. Tsakuwa mai nauyin miligiram ɗaya, in kumbo ya ci karo da ita yana kan kashi 10 cikin 100 na saurin haske, ƙarfinta ya kai na nakiyar TNT kilo 100.

Ɗan Aji Uku:
Malama, to me zai hana a faɗaɗa mayafin a sa mutum?

Malamar Fizik:
Turin da na'urar za ta sha ya ninka nauyinta sau dubbai, jikin mutum ba zai ɗauka ba. In a hankali za a tura shi, daidai nauyinsa na ƙasa, kwana 35 ake bukata a kai kashi 10 ɗin. Kumbo mai tan 1,000 kuwa a wannan gudun yana ɗauke da makamashin da ya kusa kai abin da duniya baki ɗaya ke amfani da shi a shekara. Kuma a can babu lezar da za ta taka masa birki.

Likitan Ƙashi:
Ku gafarce ni malamai, kun tsaya a kan inji, ni kuwa mutanen ciki ne damuwata. Ko an samu injin, tafiyar shekara 40 ce ko fiye, ƙila ma ɗaruruwa, jikoki ne za su sauka. Wanda ya fi kowa daɗewa a sama a zama ɗaya shi ne Valeri Polyakov na Rasha, kwana 437. Inda babu nauyi, ƙashin ƙugu da na gadon baya kan zube kashi 1 zuwa 1.5 cikin 100 duk wata. Wannan yana da magani: a gina kumbon kamar zobe mai mita 224 daga tsakiya zuwa gefe, yana juyawa sau biyu a minti, ƙafa za ta ji nauyi irin na gida. Radiyeshan, wato haskoki marasa ganuwa masu lahanta jiki, ya fi wuya. Na'urar Curiosity a hanyarta ta zuwa Mars ta auna milisibat (ma'aunin radiyeshan) 1.8 a rana, nan ƙasa kuwa kusan 2.4 ne a shekara cur. Kariyar da ta fi dacewa ita ce a kewaye ɗakuna da tankunan ruwa masu kauri, shi kuma ƙarin nauyi ne ga Injiniya.

Abin da ya fi tayar min da hankali iska da abinci ne. A Arizona an rufe mutum 8 a ginin Biosphere 2 daga 1991 zuwa 1993. Oksijin ya sauko daga kashi 21 zuwa wajen 14, saboda ƙwayoyin halittar cikin ƙasar noman sun shanye shi, siminti kuma ya tsotse iskar da suka fitar, dole aka zuba musu daga waje. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS) ta kai ga maido da kashi 98 na ruwanta a 2023, amma abinci har gobe daga ƙasa ake kai musu. Ƙanina, in fannin nan kake so, karanta yadda za a rufe gona da mutane shekara goma ba a buɗe ƙofa ba. Wannan gwajin a nan ƙasa ma za a iya yin sa.