Hoton tabarau na FPV yana tsinkewa tun jirgi bai yi nisa ba, a ina matsalar take?

SabonMatuƙi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar nan ta FPV, wato tuƙa ƙaramin jirgi mara matuƙi kana kallon hoton kyamararsa a cikin tabarau. Jirgina mai farfela huɗu ne, inci 5, batir 4S (mai sel huɗu a jere), bidiyon analog a 5.8GHz. Na'urar aika hoto, wato VTX, tana kan 25mW, tabaran kuma mai allo biyu ne da mazaunin eriya biyu. Da jirgi ya kai kamar mita 100 sai hoto ya cika da tsaki-tsaki irin na tsohuwar talabijin idan iska ta juya mata eriya. Idan na ƙara wuta kuma sai layuka a kwance su riƙa gilmawa. Ga shi bayan ɗan lokaci ido ya gaji, kai ya fara juyawa. In ɗaga ƙarfin VTX zuwa 800mW ne, ko in haƙura in koma na dijital?

MaiGyaranEriya:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka taɓa ƙarfin VTX tukuna. A fili buɗaɗɗe, 25mW da eriya masu dacewa da juna suna kai ɗaruruwan mitoci, don haka tsinkewa a mita 100 alama ce ta cewa siginar tana zubewa a wani wuri. Ƙarin ƙarfi kuma ba ya biyan kuɗinsa yadda ake zato: kafin ka ninka nisa sau biyu sai ka ninka ƙarfi sau huɗu.

Fara da rubutun da ke jikin eriyoyin. Kowace za ka ga an sa mata RHCP ko LHCP, wato siginarta tana murɗawa dama ko hagu. Dole ta jirgi da ta tabarau su zama iri ɗaya. Idan suka saɓa, asarar takan kai desibel 20 ko fiye, nisan da za ka samu ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. A kusa hoton zai fito tar, shi ya sa mutane da yawa ba sa gane wannan matsalar a kan tebur.

Sai ka kwance eriyar ka leƙa cikin bakinta. Akwai baki irin SMA, akwai irin RP-SMA, zarensu ɗaya ne, suna ɗauruwa da juna tsaf. Bambancin yana tsakiya: dole gefe ɗaya ya zama da 'yar allura, ɗayan da rami. Idan rami ya haɗu da rami, eriyar tana ɗaure amma ba ta taɓa komai. In a jikin jirgi haka ta faru, VTX yana aiki ne ba eriya, zafi ya koma cikinsa ya ƙona shi. Don haka ma ba a jona batir sai eriyar VTX tana ɗaure.

Na uku, tasha. Kada ka yarda da neman tasha da tabarau ke yi da kansa. Misali VTX yana R4, wato 5769MHz, tabarau ya tsaya a F2, 5760MHz. Tazarar 9MHz ce kawai, a kusa za ka ga hoto, da an yi nisa ya watse. Duba tashar VTX a Betaflight, manhajar saita jirgi, ka saita ta tabarau da hannunka.

Dalma_da_Waya:

Layukan nan ba na eriya ba ne, hayaniyar wuta ce daga ESC (na'urar sarrafa gudun injuna) da injuna take shiga layin bidiyo. Ga yadda za ka tabbatar: cire farfelu duka huɗu, jona batir, tayar da injuna a hankali kana kallon tabarau. Idan layukan suna ƙaruwa da ƙarin gudun inji, ita ce.

Maganin farko kafasita ce mai ƙaramin ESR (wato ƙaramar turjiyar ciki), mikrofarad 1000, bolt 35 don 4S. Liƙa ta da dalma daidai inda wayoyin batir suka haɗu da ESC, ƙafafunta gajeru iya yadda za ka iya, domin doguwar ƙafa tana rage mata amfani. Gefen da ke da zane shi ne negatif, in ka juya ta za ta kumbura ko ta fashe. Bayan haka kada kyamara da VTX su sha wuta kai tsaye daga batir, ka ba su daga wurin da allon sarrafa tashi ya tace, 5V ga kyamara, 9V ga VTX in yana karɓa. Baƙaƙen wayoyinsu su zauna a wuri ɗaya kusa da na bidiyo, ka murɗe wayar bidiyo da baƙar tare, ka nisanta su da manyan wayoyin injuna.

Kada ka bar jirgin a kunne a kan tebur da daɗewa. VTX da iskar tashi yake hucewa.

IdonShaho:

Ni a kan ido zan yi magana, don shi aka fi yi wa sakaci. A ƙarƙashin tabaran akwai 'yan maɓallai biyu masu zamewa, na daidaita tazarar ruwan tabarau da tazarar idanunka, wadda ga yawancin manya tana kusa da milimita 63. Rufe ido ɗaya, ka matsar da allon ɗayan har ka ga kusurwoyi huɗu sarai, sannan ka yi wa ɗayan haka. In ba a daidaita ba, ido ne ke wahalar haɗa hotuna biyu su zama ɗaya, daga nan ciwon kai ke farawa. Idan ba ka ganin nesa sosai, akwai ƙananan gilasai da ake zurawa a ciki, galibi -2, -4 da -6, wasu tabaran kuma suna da abin murɗawa.

Jiri kuwa yana zuwa ne saboda ido na ganin motsi, jiki yana tsaye. Zauna a kujera, ka sa kyamara ta ɗaga digiri 15 zuwa 20 kawai don kada jirgi ya tilasta maka gudu, ka cire tabaran da zarar ka ji alamarsa. Kunna 'yar fankar ciki tun kafin ka sa shi a fuska saboda tururi. Kuma don Allah kada ka ajiye shi ruwan tabarau yana kallon rana. Hasken yana taruwa ya ƙona allon cikin daƙiƙoƙi, tabon ba ya gyaruwa.

SabonMatuƙi:

Allah ya saka da alheri. Na duba, ta jirgi LHCP ce, na tabarau biyun RHCP. Zan sauya. A mazauni biyun nan wace iri ya kamata in sa? Kuma na dijital fa?

MaiGyaranEriya:

Sa mai kama ko'ina a ɗaya, a tsaye, ta ɗara kanka, sai mai faɗi a ɗayan. Mai faɗin tana kama nesa amma gabanta kawai take ji, don haka ka fuskanci inda za ka tashi. Kada ka bi ta saman kanka, domin eriya mai kama ko'ina ta fi rauni daidai samanta. A jirgi kuma ta fito ta baya, nesa da batir da jikin kabon, don dukansu suna tare sigina idan ka juyo gida. Bayan an gyara waɗannan, 200mW ta isa tsakanin bishiyoyi, in dokar ƙasarka ta yarda. Idan kuna tashi da wasu, ku bar tazara tsakanin tashoshi, kuma kada kowa ya jona batir wani yana sama bai tambayi tasharsa ba.

Dijital ya fi kyan hoto sosai, amma tsarin dijital na DJI, Walksnail da HDZero ba sa aiki da juna, in ka zaɓi ɗaya sai ka sayi na jirgi irinsa. Analog yana gargaɗi da tsaki-tsaki kafin ya ɗauke, wasu na dijital kuwa hoton kan tsaya cak ko jinkiri ya ƙaru. A gudun kilomita 100 a awa, jinkirin miliseken 30 kusan santimita 83 ne jirgi ya ci kafin ka gani. Ga mai koyo, a ganina ka zauna a analog tukuna. Sa ƙarfin batir a kan allo ka sauka idan kowane sel ya kai 3.5V, ka kunna ɗaukar bidiyon tabarau kafin kowane tashi don shi zai nuna maka inda jirgi ya faɗi, sannan ka samu wanda zai tsaya kusa da kai yana kallon jirgin da idonsa, domin ƙasashe da yawa sun shar'anta hakan.