Motar gida Ducato ta haura kilo 3500, ya zan ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya?

Baban Hanan:
Salamu alaikum jama'a. Ina zaune a Ingila, na sayi irin motar nan mai ɗakin kwana da kicin a ciki, Fiat Ducato ce, a takarda iyakarta kilo 3500. Mun loda kaya za mu fita hutu da iyali, tankin ruwa cike, tukunyar gas biyu, kekunan yara a baya, na biya ta sikelin manyan motoci sai ga shi ta haura da kilo ɗari da wani abu kuma wallahi ko buhun shinkafar Maman Hanan ba mu saka ba tukuna. Wani ya ce in sa mata balan-balan ɗin iska a kan sifirin na baya shi ke nan. Haka ne?

Injiniya Sani:
Wa alaikumus salam Alhaji. Balan-balan zai ɗaga bayan motar ta daina zama, amma a wurin hukuma tana nan a 3500 ɗinta har sai an canza lambar da ke jikin farantin motar an kuma gyara V5C, wato takardar rajistar mota, a DVLA, hukumar lasisi da rajistar motoci ta Birtaniya. Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, su duba shasin su ba ka sabon faranti, ƙaramar Ducato yawanci ana kai ta 3650 ko 3850. Amma kafin ka kashe ko sisi koma sikeli ka auna gaba daban baya daban, don aksil ɗin baya shi ne ke fara cika, a ƙaramar Ducato kilo 2000 ne iyakarsa, kuma kekunan da ka rataya can ƙarshen mota nauyinsu a kan tayoyin baya ya fi nauyinsu na gaskiya, har gaban ma yana sauƙi sitiyari ya riƙa yawo. Sannan duba gefen taya, in ka ga 109 to kilo 1030 kowace ɗaya take ɗauka, 112 kuma 1120.

Ummu Khalil:
Baban Hanan yaushe ka yi lasisi? Na B, wato na ƙananan motoci, a 3500 ya tsaya fa. Sai in kafin 1 ga Janairun 1997 ka ci jarrabawa, in ba haka ba sai ka nemi C1, lasisin motocin da suka wuce 3500, da gwajin likita da komai. Ku sanar da 'yan inshora kuma don Allah, da yara a ciki ba abin wasa ba ne.

Ɗan Zinder:
Yayana ni dai da ka fara rage kaya. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ka tafi da kwatan tanki ka cika in ka isa, gas ɗaya ta ishe ku. Mu nan Jamus irin motar nan in ta wuce tan uku da rabi iyakar gudunta 100 ne a babbar hanya, in ka shiga Ostiriya kuma sitikar kuɗin hanya ba ta yi maka, sai GO-Box, na'urar da ake maƙalawa a mota, ana cajinka kowace kilomita.

Baban Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya lasisina na bayan 1997 ne, don haka maganar 3850 sai a hankali. Injiniya tayoyina 109 ne, gobe zan auna bayan in turo maka abin da ya nuna.