Musayar Waƙa: Wa Za a Ba Amana?

Mai Tabo:
Sallama gare ku 'yan'uwa, ku saurara,
Ni kam na daina bai wa kowa amana.
Aboki na ranta wa, ya rantse da Allah,
Yau ba ya ɗaukar kirana, dare da rana.
Wanda maciji ya sara, ku bar ganin laifinsa,
In ya ga tsumma ya zabura, ya kasa kwana.
Duk mai yi min murmushi da biyu yake yi,
Akwai abin da yake nema a hannuna.

Babbar Yaya:
Sannu ƙanena, ba zan ce ka share ba,
Cin amanar aboki akwai ƙuna.
Sai dai mutum guda ne ya cuce ka,
Kai ka haɗa duniya ka ɓata mata suna.
Buɗe Hujurati, aya ta 12,
Yawan zato ne Ubangiji Ya hana.
Shi mai gudun kiran, ka je ka gan shi?
Wataƙila kunya ce ta hana shi magana.

Mai Tabo:
Yaya, kunya ba ta biyan bashi.
Ba a saran mumini sau biyu a rami guda,
Hadisi ne wannan, ba ra'ayina.

Malama Mai Alli:
Ɗan'uwa, ga wani bincike na 2019,
Masana sun jarraba mutane, sun auna.
Walat fiye da 17,000, ƙasashe 40,
Aka miƙa a matsayin tsintuwa, ciki da suna.
Wasu da kuɗi a ciki, wasu babu ko sisi,
Masu kuɗin aka fi maidowa, haka ya nuna.
Ƙasashe 38 duk haka aka samu,
Masana tattalin arziki ma ba su zata ba, ka tuna.

Baba Dattijo:
Ɗana, hadisinka rami guda ya ambata,
Bai ce ka guji duk ƙasar da kake zamana.
Baƙara 282 ta ce a rubuta bashi,
A sa shaidu, ko tsakanin masu ƙauna.
Rubutun shi ke tsare zumunci,
Ka yarda da mutum, amma kar ka bar mantuwa ta zauna.

Mai Tabo:
Baba na ji, amma zuciyar ba ta huce ba.
Gobe zan taka gidansa, ido da ido mu gana.
In rashi ne ya ɗaure shi, zan ƙara masa lokaci,
Mu rubuta a takarda. Yaya, ki zama shaidana.